Fayil ɗin yana nan, amma a idon wa?

Bayan isha'i ne yaron da nake koya wa aikin saba, wato kwamfutar da manhaja take zaune a kanta ana shiga ta daga wasu na'urori, ya kira ni, muryarsa har tana rawa, wai Malam hotunan ɗalibai babu su. Wata makaranta ce mai zaman kanta can wajen Tudun Wada a nan Zariya, suna da 'yar manhajar rajistar ɗalibai da wani ya haɗa musu kafin ya bar gari, mu kuma aka ce mu riƙa duba musu ita. Shugaban makarantar ya ce a kwafo masa fasfo ɗin yara a filash za a buga katin shaida, yaron nan ya ɗauko takardar da wancan mutumin ya bari, shafi ɗaya ce tal, layin da ya shafi hotuna cewa kawai ya yi suna /var/www/html/uploads. Ya shiga sabar ya buga ls, umarnin da yake jero abun da ke cikin folda, a wurin, sai ga hotuna huɗu kacal, su ma na gwaji ne, na fure da na mota. Amma in ka buɗe manhajar a burauza ga fuskar kowane ɗalibi tana fitowa tsaf. Na hau mashin na same shi a ofishin, an ɗauke wuta, inbata tana ta ƙara ɗit ɗit, shi kuma ya dafe kai yana kallon baƙin allo, yana ta maimaita ls ɗin nan ko Allah zai sa su fito.

Hotunan suna nan lafiya lau. Manhajar a cikin kwantenar Docker take gudana, wato wani keɓaɓɓen wuri da shirin Docker yake ware wa manhaja a cikin saba da nata foldojin, saboda haka /var/www/html/uploads ɗin da Apache, shirin da yake miƙa wa burauza shafukan manhajar, yake gani daban, wanda yaron yake gani daga taminal ɗinsa daban, suna ne kawai ya zo ɗaya. Abun da ya fi ɗaga min hankali a daren nan ma ba wannan ba ne, bakof ne, wato kwafin da ake ajiyewa don ko-ta-kwana. Akwai wani ɗan aiki da aka saita yana tashi kowane dare ya kwafi wannan foldar ta kan sabar, kuma kullum yana gamawa ba tare da ya yi ƙorafi ba, tunda foldar tana nan, hotuna huɗun nan yake ta kwafa wata da watanni. Da wani ya goge kwantenar nan da shi kenan, an yi asarar komai, ga bakof a hannu amma ba abun da zai dawo da shi.

Tun ranar nake son in zauna in rubuta wannan bayanin, don na lura yawancinmu da muka koyi Linux a nan, ko a Samaru ko a Kongo ko a gida da YouTube, mun taso da tunanin cewa adireshin fayil abu ne tsayayye, in an ce /etc/hosts to /etc/hosts ne ga kowa a kwamfutar. Ba haka yake ba. Duk ɗan Zariya ya san in ka tare mai mashin a Samaru ka ce masa bakin kasuwa, kasuwar Samaru zai kai ka, ka faɗi wannan kalmar a Sabon Gari wani wurin zai nufa, ka wuce Ƙofan Doka ka shiga birni ka faɗe ta wani wurin ne kuma daban. Babu wanda ya yi maka ƙarya a cikinsu, inda kake tsaye ne ya fassara maganar. To haka kanel, wato zuciyar Linux mai kula da shirye-shirye da fayiloli, yake yi wa adireshi.

Kowane furoses, wato kowane shiri da yake gudana, akwai abubuwan da kanel ya rubuta masa nasa na kansa. Akwai tushensa, inda alamar / take nufi a wurinsa. Akwai foldar da yake tsaye a ciki yanzu. Sannan akwai teburin maunt ɗin da yake amfani da shi. Maunt dai shi ne a ɗauko wani faifai ko wani wurin ajiya a liƙa shi a kan wata folda, kamar yadda filash yake bayyana a ƙarƙashin /media in ka soka shi a Ubuntu. Idan furoses ya ce a buɗe masa /var/www/html/uploads, kanel ba wani babban littafin adireshi yake dubawa ba, tattaki yake yi: ya fara daga tushen wannan furoses ɗin, ya nemi var a ciki, ya duba ko an liƙa wani abu a kan var a teburin wannan furoses ɗin, in an liƙa ya tsallaka can, ya nemi www, ya sake dubawa, haka har ƙarshe. Kaga kenan ka canza tushe ko ka canza tebur, tattakin zai ƙare a wani wurin daban ko da harafi ɗaya bai canza a adireshin ba.

Abun ya daɗe. Tun 1979 aka sa chroot a Unix bugu na 7, kuma aikinsa ɗaya ne, ya canza wa furoses tushe. Ka ce masa daga yau /srv/gwaji shi ne / ɗinka, shi da 'ya'yan da zai haifa. Mutane da yawa suna ɗaukar chroot a matsayin kurkuku, alhali shafin bayaninsa na Linux da kansa ya faɗa ƙarara cewa ba don tsaro aka yi shi ba. Dalili kuwa, chroot bai taɓa foldar da kake tsaye a ciki, bai rufe fayilolin da ka riga ka buɗe, kuma furoses mai ikon root, wato babban akawun mai cikakken iko a injin, zai iya ƙirƙirar wata folda a ciki ya sake yin chroot zuwa cikinta ba tare da ya matsa ba, sai ya zama yana tsaye a wajen sabon tushen nasa, daga nan ya yi ta hawa sama da .. har ya kai tushen gaskiya. Zaure ne da aka saki labule, baƙo mai kunya zai tsaya a nan, wanda ba shi da ita zai ɗaga ya shige cikin gida. FreeBSD sun zo da jail a 2000, Solaris 10 ta zo da Zones a 2005, duk don a toshe irin waɗannan ƙofofin.

Linux wata hanya ta bi, wadda asalin tunanin daga Plan 9 ne na Bell Labs, inda kowane furoses zai iya samun tsarin sunayensa. A 2002, a kanel 2.4.19, aka ba furoses damar ya samu teburin maunt nasa daban da na sauran, abun da ake kira nemsfes na maunt. Shi ne nemsfes na farko a Linux, shi ya sa tutar da ake kiransa da ita sunanta CLONE_NEWNS kawai, babu ma kalmar maunt a ciki, sauran da suka biyo baya irin na lambar furoses da na netwok kowanne sai da aka sa masa sunansa. Yadda yake aiki shi ne a lokacin da ka raba, kwafin teburin ake ba ka, daga nan kuma abun da ka liƙa ko ka cire naka ne. Masu haɗa kwantena sai su ɗora pivot_root a kai, su mai da foldar kwantenar ta zama tushen teburin gaba ɗaya, su cire tsohon tushen daga teburin kwata-kwata. Nan ne bambancin yake da chroot, wannan karon babu cikin gidan da za ka ɗaga labule ka shiga, a taswirar da aka ba ka ma babu shi. Docker da ya fito a 2013 ba shi ya ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, LXC ma ta riga shi tun 2008, abun da ya yi shi ne ya haɗa su a fakiti ɗaya mai sauƙin amfani, kuma wannan sauƙin ne ya sa muke aiki da su ba mu san suna nan ba.

Akwai wani wuri da yake rikita har manya. Da aka raba tebur sai aka ga wata matsala, in ka soka filash bayan an raba, waɗanda suke ɗaya teburin ba za su gan shi ba. Sai a kanel 2.6.15, farkon 2006, aka kawo tsarin yaɗuwar maunt. Yanzu kowane maunt yana da hali, akwai wanda duk abun da aka liƙa a ƙarƙashinsa yake bayyana a wurin 'yan uwansa kuma nasu ya bayyana a wurinsa, akwai mai karɓa kawai ba ya mayarwa, akwai wanda ba ruwansa da kowa, akwai kuma wanda ba a yarda ma a kwafe shi ba. A umarni sunayensu shared da slave da private da unbindable. Kanel shi kaɗai private yake farawa da shi, amma systemd, shirin da yake tayar da sauran shirye-shirye, yana mai da tushe shared tun lokacin da injin yake tashi, kuma kusan duk Ubuntu da Debian da Fedora na yanzu da systemd suke tashi. Shi ya sa za ka ga mutum ya bi wani tsohon bayani a intanet layi bayan layi amma sakamako ya fito daban, marubucin bai faɗi halin maunt ɗin injinsa ba don bai san yana da muhimmanci ba.

Yanzu ina hotunan makarantar nan suke a zahiri? Nan sai an yi maganar OverlayFS, wanda ya shiga kanel a 3.18 ƙarshen 2014. Imej ɗin Docker, wato ƙunshin fayilolin da ake ƙirƙirar kwantena daga shi, shimfiɗa-shimfiɗa ne, kamar ka shimfiɗa tabarma ka ɗora darduma ka ɗora zani, wanda ya leƙo daga sama abun da ya fi kusa da shi yake gani. Shimfiɗun ƙasa na karatu ne kawai, ba a rubutu a kansu, kuma kwantena goma za su iya raba su. Kowace kwantena sai a ba ta shimfiɗa ɗaya ta sama wadda ita kaɗai ake rubutu a kai. Furoses ɗin da yake ciki bai san da wannan ba, shi folda ɗaya yake gani. A sabar makarantar, hotunan suna can cikin /var/lib/docker/overlay2, ƙarƙashin wata folda mai suna dogon jerin haruffa da lambobi da ba mai iya haddacewa, cikin diff, sannan var/www/html/uploads. Wannan shimfiɗar ta sama rayuwarta ɗaure take da ta kwantenar. A ɗauke wuta injin ya mutu ya tashi, tana nan. A tsayar da kwantena a sake kunna ta, tana nan. Amma ranar da aka buga docker rm, ko docker compose down, umarnin da suke goge kwantena, ko aka canza imej aka sake buga docker compose up har ya ƙirƙiri sabuwar kwantena, ta tafi. Wannan shi ne abun da ya sa matsalar take ɓuya tsawon lokaci, duk ɗauke wutar da muke sha ba ta fallasa ta, sai ranar da aka zo yin ofdet da kyakkyawar niyya.

Abu biyu game da shimfiɗun nan da nake ganin ya kamata duk mai taɓa kwantena ya sani. In furoses ya canza fayil ɗin da yake shimfiɗar ƙasa, ko harafi ɗaya ne, kanel sai ya kwafo fayil ɗin sama tukuna sannan a yi canjin a kan kwafin, saboda haka babban fayil yana iya cinye maka faifai sau biyu ba ka sani ba. In kuma ya goge, ba a goge na ƙasan, wata alama ake dasawa a sama, wani fayil na musamman mai lamba 0/0, wadda take ce wa kanel ka ɓoye wancan. To ka duba abun da wannan yake nufi ga wanda ya kwafi fayil ɗin kalmar sirri cikin imej a layi na biyar na Dockerfile, fayil ɗin umarnin da ake haɗa imej da shi, ya goge shi a layi na takwas, ya tura imej ɗin intanet. Daga cikin kwantena in ka duba babu shi. Duk wanda ya sauke imej ɗin ya warware shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya zai same shi yana zaune a ta biyar ɗin. Na ga ɗalibai masu furojet sun yi wannan da makullin biyan kuɗi, kuma wallahi abun yana damuna, don ba sakaci ba ne, idonsu ya gaya musu an goge.

Sai kuma liƙa folda ko fayil na kan saba kai tsaye a cikin kwantena, wanda ake yi da -v. Shi ne maganin matsalar hotunan, amma shi ma yana da nasa tarkon. Maunt ba suna yake riƙewa ba, ainihin fayil ɗin yake riƙewa, wato inod ɗinsa, lambar da faifai ya san shi da ita. Wata rana na liƙa fayil ɗin saiti guda ɗaya cikin kwantenar nginx, wani shiri mai aiki irin na Apache, na dawo na gyara shi daga waje da sed -i, na duba da cat ga gyara ya zauna, na sa nginx ya sake karantawa, shiru. Na shiga ciki na yi cat, tsohon rubutun ne. Sai da na buga ls -i a waje da ciki na ga lambobi biyu daban. Ashe sed -i sabon fayil yake rubutawa ya ɗora masa tsohon sunan, editoci da yawa ma haka suke yi, ita kuma kwantenar tana nan riƙe da tsohon da yanzu ba shi da suna a waje. Tun daga nan folda nake liƙawa ba fayil ɗaya ba, in kuma dole ne fayil ɗaya to sai na rubuta a takarda cewa bayan gyara a sake kunna kwantenar. Docker da kansa ma haka yake liƙa /etc/hosts da /etc/resolv.conf da /etc/hostname daga waje, shi ya sa waɗannan ukun ba daga imej suke zuwa ba.

Mai fayil ma ya danganta da mai kallo. A faifai ba a rubuta sunan mai fayil, lamba ake rubutawa. A Debian da Ubuntu www-data lambarsa 33, a Alpine 82 ce, mutum na farko da aka buɗe wa akawun a Ubuntu 1000 ne. Kowane ɓangare da nasa /etc/passwd yake fassara lambar, to sai ka ga fayil ɗaya a waje an ce na wane ne a ciki an ce na wani ne, ko a nuna maka lamba tsirara. In an haɗa da nemsfes na masu amfani, wanda ya kammala a kanel 3.8 a 2013, root na ciki zai iya zama lamba 100000 a waje, fayil ɗin da mai shi ba ya cikin taswirar kuma ya fito da 65534, wato nobody. Mafi yawan chmod 777 ɗin da nake tararwa a sabobin mutane daga nan ya samo asali, izini ya ƙi, an gaji, aka buɗe wa kowa.

Kar wani ya ce wannan matsalar masu Docker ce. Wayar hannunka ma haka take. Android a kan kanel ɗin Linux yake, kuma manhajoji ba ganin ajiya ɗaya suke yi ba, tun Android 10 a 2019 aka fara taƙaita abun da kowace take gani, Android 11 ta ƙara tsanantawa har manhajar duba fayil ta daina shiga Android/data yadda ta saba. Masu gyaran waya a unguwar PZ sun sha wannan tambayar, mutum ya zo ya ce foldar WhatsApp ɗinsa ta ɓace alhali ta koma Android/media/com.whatsapp ne. A Ubuntu 22.04 Firefox ta hanyar snap yake zuwa kuma /tmp ɗinsa daban ne da naka. Apache a Debian da Ubuntu systemd yana ba shi /tmp na kansa saboda saitin PrivateTmp, kai in kana neman abun da ya rubuta sai ka shiga wata folda da sunanta ya fara da systemd-private a cikin /tmp. Windows ma bai tsira ba, shiri mai bit 32 in ya nemi System32 a Windows mai bit 64, SysWOW64 ake kai shi ba tare da an gaya masa ba. Wanda kuma yake amfani da Docker Desktop a laftof ɗin Windows ko Mac, in ya je neman /var/lib/docker ba zai gan shi ba, yana cikin wani ƙaramin injin Linux da yake gudana a ɓoye.

Abun daɗin shi ne a Linux ba sai ka yi hasashe ba, kanel zai nuna maka idon kowane furoses in kana da izini. A daren nan abun da na fara nuna wa yaron kenan. Muka samo lambar furoses ɗin kwantenar da docker inspect, na ce masa buga ls a /proc, foldar da kanel yake nuna bayanan kowane furoses, sai lambar, sai root, sannan ka ci gaba da var/www/html/uploads. Ya buga, allo ya cika da sunayen hotuna har suna gudu, ya ce Allahu akbar Malam ga su nan. Wani abun mamaki a nan, in ka tambayi wannan root ɗin da readlink ina ya nufa, / kawai zai ce maka, kamar tushenka ne, amma in ka bi ta cikinsa duniyar wancan furoses ɗin kake shiga, don ba linki ba ne irin wanda aka saba, kanel ne yake tsallakar da kai da kansa. A gefensa akwai ns/mnt, wanda yake ba ka wata lamba, furoses biyu in lambarsu ta zo ɗaya to tebur ɗaya suke kallo, in ta bambanta kar ka yarda da adireshin da ɗaya ya ba ka a wurin ɗayan. Sai mountinfo, wanda yake nan tun kanel 2.6.26, shi ne teburin gaba ɗaya layi-layi, kowane layi yana faɗin wane ɓangare na wane faifai aka liƙa, a ina aka liƙa shi a idon wannan furoses ɗin, na karatu ne kawai ko har rubutu, shared ne ko slave mai ubangidan da yake karɓa daga wurinsa, kuma a layin overlay za ka ga lowerdir da upperdir, wato shimfiɗun ƙasa da ta sama, a rubuce. In layukan sun yi maka yawa findmnt -N da lambar furoses zai zana maka su kamar bishiya, nsenter kuma zai shigar da kai ciki ka tsaya inda yake tsaye.

Wannan bambancin gani har tsaro ya shafa, kuma ba a takarda kawai ba. A Fabrairun 2019 an bayyana wata ɓaraka a runc, shirin da Docker yake amfani da shi wurin tayar da kwantena, inda mugun furoses na ciki yake iya bi ta /proc/self/exe ya rubuta a kan runc ɗin na kan saba. A Janairun 2024 aka sake samun wata, wannan karon wata folda ta waje ce aka bari a buɗe ta bi furoses zuwa ciki. Duka biyun darasin chroot ne ya dawo, an canza wa furoses taswira amma abun da yake riƙe da shi a hannu bai bi ta taswira ba.

To me za a rubuta? Nan ne nake da ra'ayi mai ƙarfi. Wasu abokaina suna cewa fayil ɗin compose, inda ake rubuta yadda za a tayar da kwantena, ai shi ne bayanin, duk mai so ya karanta. Ban yarda ba. Compose abun da ka roƙa yake faɗa, mountinfo kuma abun da aka ba ka. Misali imej ɗin MySQL na hukuma ya ayyana /var/lib/mysql a matsayin bolum, wato wurin ajiya da Docker yake riƙewa a wajen kwantena, in ba ka ba shi suna ba Docker zai ƙirƙiri wani marar suna da kansa, ba za ka gan shi a compose ɗinka ba sam. Ka yi down ka yi up, sabon bolum za a ba sabuwar kwantenar, databes ta fito fayau, tsohon yana can cikin /var/lib/docker/volumes ba mai nuna shi, mutum ya zauna yana kuka kan bayanan da suke faifansa, ko kuma mafi muni ya zo yin shara da prune ya share su da hannunsa.

Shafin bayani na mount_namespaces da yake cikin kundin man na Linux, wanda Michael Kerrisk ya yi shekaru yana kula da shi a baya, akwai wata ƙaramar dabara a ciki da ta burge ni. A misalansa kowane umarni an sa masa sh1 ko sh2 a gaba, don ka san daga wace taga aka buga shi. Abu ne ƙarami amma shi ne duk maganar. Ni yanzu ba na rubuta adireshi tsirara a takardar miƙa aiki. Kowanne sai na sa masa a gaba ko a saba ne ko a cikin kwantena kaza, in faɗi inda yake zaune a zahiri, in faɗi abun da zai kashe shi, in faɗi lambar mai shi ba suna kawai ba, sannan in ɗora umarni ɗaya da mai karatu zai buga ya tabbatar da idonsa ba sai ya yarda da ni ba. Ina kuma ajiye kwafin mountinfo na ranar da na miƙa aikin da kwanan wata a sunansa, don in abu ya canza bayan shekara a samu abun gwadawa. Adireshin overlay2 mai dogon suna kuwa ba na rubuta shi a matsayin wurin zuwa, tunda sabuwar kwantena sabon suna take samu, hanyar gano shi nake rubutawa.

A garin nan wannan ya fi muhimmanci fiye da a manyan kamfanoni masu ma'aikata da yawa. Yawancin ƙananan sabobin makarantu da kemis da ofisoshi ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa su, ko ɗalibin da ya zo aitii na wata shida, yaro mai ƙoƙari, ya yi aiki mai kyau, lokacinsa ya cika ya koma Kano ko Abuja ko Legas, layinsa ma ya canza. Taswirar tana kansa ta tafi da shi. Wanda ya gaje shi ba shi da kowa sai takardar nan, kuma sau da yawa a wayarsa zai karanta ta da dare da ragowar data. Shi ya sa ni da Hausa nake rubuta tawa, umarnin kawai nake bari yadda suke, don wanda zai karanta a firgice yake karantawa, kuma mutum in ya firgita harshen da ya tashi da shi ya fi saurin shiga kansa.

A daren dai ba mu taɓa kwantenar ba sai da muka fitar da hotunan da docker cp zuwa wata sabuwar folda a /srv, muka ƙirga su a ciki muka ƙirga a waje adadi ya zo ɗaya, muka kwafa a filash biyu. Washegari bayan an tashi daga makaranta muka liƙa foldar a compose, muka mai da mai ita 33, wato www-data, muka juya bakof ɗin ya kalli /srv. Na sa yaron ya yi down da hannunsa, ya daɗe yatsansa yana kan madannin kafin ya danna, ya yi up, ya buɗe burauza fuskokin yara suka fito. Shi na ba ya gyara takardar. Layin hotunan da yake guda ɗaya ya koma biyar, na farkon ya fara da a cikin kwantenar manhaja, na biyun a kan saba. Waɗancan hotuna huɗun na fure da mota ya tambaye ni ko ya goge, na ce ya goge foldar ma gaba ɗaya, kar wani ya sake shiga ya ɗauka ita ce.